MARAYAN LISBON

Shafi na 14

Na ga saƙonninku tun jiya, rashin wuta ne ya riƙe ni. Ke da kika ce in sassauta wa Rufus, karanta wannan tukuna, sai ki sake min magana.

* * *

Ranar Lahadi ce, ranar da mutanen Portugal ke zaɓen waɗanda za su wakilce su a Majalisar Tarayyar Turai. Duk faɗin Kafanchan babu wanda abin ya dama sai gida ɗaya, gidan Malama Larai, matar marigayi Dogara.

Shekara goma sha biyu rabonta da ɗanta Rufus. Ƙwallo ya kai shi can. Gwiwa ta lalace, ƙwallo ya ƙare, amma bai dawo ba. Ya zauna har ya zama ɗan ƙasa, yanzu kuma wata jam'iyya ta sa sunansa cikin jerin 'yan takararta.

Tun ranar Juma'a bidiyonsa yake yawo a wayoyin gari. Ga shi a kan dandali cikin kwat, jama'a maƙil a gabansa, yana magana da yarensu yana share hawaye. A bayansa akwai wani babban allo. Hoton Malama ya fara fitowa, sai na Dogara, sai na Alhaji Misbahu, mai sayen citta a bakin kasuwa.

Babu wanda ya ji abin da yake faɗa. Ba su ma damu su ji ba. Matan zumunta sun rungume Malama a ƙofar coci, Fada ya sa aka yi wa yaron addu'a, ita kuma ta fita gaba da rawa ta miƙa baikon godiya.

Jacinta, ƙanwar Rufus, ita kaɗai ce jikinta ya yi sanyi. Ta kalli bidiyon ya fi a ƙirga. Ta lura lokacin da hoton uwarta ya fito, wurin ya yi tsit, wasu mata suna toshe baki. Da hoton Alhaji ya fito kuwa sai ihu ya tashi, kuma ba irin ihun da ake yi wa wanda ake so ba ne. Ta gaya wa Malama. Malama ta ce Turawa haka suke murnarsu.

Ana tashi daga sujadar coci Malama ta ɗora faten acca, ta aika a kira mata mutum biyu: Alhaji Misbahu, da Sista Faustina, wadda ta daɗe tana aiki a asibitin mishan a Angola, inda ake jin yare ɗaya da Portugal.

Alhaji ya zo da katan ɗin lemo a bayan babur. Tsoho ne yanzu, gemu ya yi fari, amma ranar har da sabuwar hula.

"Malama, ashe ɗan ƙwallona bai manta da ni ba."

"Ina zai manta da kai, Alhaji? Wa ya saya masa takalmin ƙwallo na farko?"

Ya yi dariya. Ya ce tun jiya 'yan kasuwa suke tsokanarsa, wai ya shirya, za a aiko masa jirgi. Ya ce shi ba ya son jirgi, ya ji dai abin da yaron ya ce a kansa, ya ishe shi.

Aka jera kujerun roba a inuwar mangwaro. Jacinta ta jingina wayar a jikin kwalbar lemo, ta ƙure murya. Sista ta gyara tabarau, ta matso.

Aka kunna.

Da farko Sista tana murmushi tana fassarawa. Ya gaishe su. Ya ce sunansa Rui. Malama ta ce wane ne kuma Rui, Sista ta ce haka suke kiransa a can. Ya ce an haife shi a wani gari a Najeriya mai tashar jirgin ƙasa da jar ƙasa.

Daga nan Sista ta daina fassarawa.

Rufus yana ta magana a wayar. Murmushin Sista ya tafi. Ta miƙa hannu ta tsayar da bidiyon, ta ce hayaniya ta yi yawa, ba ta ji sosai, a bari sai an samu wanda ya fi ta kunne.

Malama ta dube ta.

"Sista, har na yi ritaya aji nake shiga. Na san fuskar wanda bai ji ba, na san ta wanda ya ji."

"Malama, ki bari baƙo ya tafi tukuna."

"Alhaji ba baƙo ba ne a gidan nan. Ki faɗa yadda ya faɗa. Kada ki gyara."

Sista ta yi alamar gicciye, ta mayar da bidiyon baya.

"Ya ce shi maraya ne."

Malama ta gyaɗa kai. Ta ce ai gaskiya ne, ubansa ya rasu.

"Ya ce ba uwa, ba uba."

Sista ta ci gaba.

"Ya ce wannan matar da ke allo ita ce mahaifiyarsa, malamar makaranta ce. Ya ce an kashe ta a rikicin bayan zaɓe na dubu biyu da sha ɗaya, ita da mahaifinsa, a gabansa. Ya ce yana ƙarƙashin gado yana kallo."

Jacinta ta ce ƙarya ne, ai Baba hawan jini ne ya kashe shi, shekara uku bayan rikicin, a gadon asibiti. Ta faɗa wa Sista kamar Sista ce ta ƙirƙiro maganar. Malama ta ɗaga mata hannu.

"Ci gaba."

Hoton Alhaji ya cika allon. Hoto ne da aka ɗauka a tashar mota ranar da Rufus zai tafi. A ainihin hoton Alhaji yana dafe da kafaɗar yaron, Malama da Dogara a gefe. An yanke kowa, an bar fuskar Alhaji kaɗai, an ƙara mata duhu.

Sista ta kasa ɗaga kai.

"Ya ce wannan maƙwabcinsu ne. Ya ce tare suke cin abinci. Ya ce shi ya nuna gidansu, shi ya shigo da mutanen." Ta sake kasa kunne. "Ya ce irin waɗannan ne suke cika jiragen ruwa suna shigowa Turai, kuma in aka zaɓe su, zai je majalisa ya rufe ƙofa kafin abin da ya sami uwarsa ya sami uwayensu."

A cikin wayar jama'a suna ta tafi.

Jacinta ta kashe.

Alhaji Misbahu ya cire sabuwar hular ya ɗora a gwiwa, yana shafa ta. Kowa a wurin ya san abin da ya faru a wancan rikicin. Shi ne ya zo ya kwashe Dogara da iyalinsa, ya cusa su a sitonsa bayan buhunan citta, ya zauna a bakin ƙofa da carbi yana rantse wa duk wanda ya zo cewa babu kowa a ciki. Yana zaune a wurin shagonsa na cikin kasuwa ya ƙone. Yana zaune a wurin aka zo aka gaya masa an tare ƙaninsa a hanya, bai kai gida ba. Bai tashi ba sai da sojoji suka iso.

Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba.

"Akwai mutanen da har yau ba sa amsa sallamata saboda ranar nan. Ban taɓa jin ciwo ba. Yau na ji."

Malama ta zame daga kujera za ta durƙusa masa. Ya ce ta tashi don girman Allah, ba ita ta hau dandali ba.

Wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa Rabi'a ce, wadda ke zama masa a shago. Ya saurara, ya ce to, ya ce ta rufe ta shiga ciki. Da ya ajiye, ya gaya musu wani ya sa wa bidiyon fassarar Turanci ya watsa a guruf-guruf na gari. An zana jan da'ira a fuskarsa. Ƙarƙashi an rubuta sunan layin da shagonsa yake. Tun ɗazu wasu samari a kan babura suke wucewa suna ɗaukar hoton ƙofar.

Jacinta ta ce ai duk wanda ke Kafanchan ya san Mama tana raye. Alhaji ya ce tsofaffi sun sani. Waɗanda ke kan baburan nan, lokacin rikicin ba su daina fitsarin kwance ba. Kuma bidiyon ba a Kafanchan zai tsaya ba, kafin la'asar ya kai Sabon Tasha, ya kai Kasuwan Magani, wurin mutanen da ba su san Malama ba, ba su san shi ba, kowa da nasa mamacin a zuciya.

Malama ta miƙa wa Jacinta hannu.

"Kira min shi. A buɗe muryar kowa ya ji."

Rufus bai taɓa yarda a yi kiran bidiyo da shi ba. Kullum sai ya ce sabis ba kyau, ko yana wurin aiki, ko yana cikin mutane. Bai taɓa kiranta daga cikin gidansa ba. Sau uku tana cewa tana so ta zo ta gan shi kafin ƙafa ta gaza, sau uku yana cewa biza ta yi wuya. Tana riƙe da wayar tana jin ƙararta, duk waɗannan suna dawo mata ɗaya bayan ɗaya.

Ya ɗauka da fara'a. Hausarsa ta yi nauyi, tana karkacewa a baki. Ya ce yanzu ya dawo daga jefa ƙuri'a, ta sa shi a addu'a, yau rana ce babba.

"Wa ke magana da kai, Rufus?"

Ya yi dariya. "Mama, wane irin tambaya ke nan?"

"Ina so in sani ne. An ce min uwarka ta mutu."

Sai ƙarar ƙofa, kamar ya shiga wani ɗaki ya rufe.

"Wa ya fassara miki?"

"Abin da ya dame ka ke nan?"

"Mama, siyasa ce. Ba ki san yadda wurin nan yake ba."

"Koya min. Ina ji."

Sai ya fara, da sauri, kamar maganar ta daɗe tana cinsa. Ya ce da gwiwarsa ta tafi, kulob ɗin ko mako ba su ƙara masa a masauki ba. Ya kwana a tashar jirgin ƙasa cikin sanyin da ba ta taɓa ji ba. Ya wanke kwanoni, ya ɗebi zaitun a gona da ƙafa ɗaya. Takardar zamansa ta ƙare, ana neman mayar da shi. Wani lauya ya ce masa babu wanda ake bari ya zauna don gwiwarsa ta karye, amma wanda aka kashe wa iyaye ana saurarensa. Ya ce ya tuna ranar da suka sayar da filin Baba na Kagoro don ya tafi. Da wace fuska zai sauka a tasha da leda ɗaya da sanda?

"Da fuskar da na haife ka da ita," in ji Malama. "Da na karɓe ka."

"Da kin karɓe ni. Garin fa?"

Ta ce ta ji, yunwa ta sa ya binne ta. Ta ce uwa ce, ana iya binne ta a ci abinci, ba za ta kai ƙara ba.

"Alhaji fa? Shi me ya yi maka?"



"'Yan jam'iyya sun ce labari ba ya shiga zuciya sai da fuska. Hoton da nake da shi ke nan. Ban faɗi sunansa ba, Mama. Ban yi zaton zai iso gida ba."

"Yana nan zaune. Ya kawo maka lemo."

Alhaji ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Rufus."

Ya sake kiransa.

"Ɗan ƙwallona. Ka tuna ranar da ƙamshin citta ya sa ka atishawa a sito, na yi ta tari a waje don kada a ji ka?"

"Baba Alhaji…" Muryar ta karye. "Ka yi haƙuri. Ƙarfe bakwai za a rufe rumfunan zaɓe. Gobe ba wanda zai sake tuna maganar nan, na rantse. Haka suke a nan, komai kwana biyu ne."

"A nan ba haka muke ba," in ji Alhaji. "Kai ma ka sani."

Malama ta janye wayar gabanta. Ta gaya masa abin da za ta yi, a hankali, yadda take karanta wa ɗalibai dokar jarrabawa. Za ta zauna kusa da Alhaji. Jacinta za ta ɗauke su. Za ta faɗi sunanta da na mijinta da abin da ya kashe shi, ta faɗi wanda ya ɓoye su. Sista za ta maimaita da yarensu na can. Za a sa a duk inda nasa ya shiga, kafin a rufe rumfunan.

"Mama, kada ki yi."

"Ka ba ni dalili."

"Za su ƙwace min takardar zama ɗan ƙasa. Ƙarya a wurin neman mafaka laifi ne, ɗauri ne. Jam'iyyar nan da kike gani su za su fara jefa ni waje."

"Rabi'a tana cikin shago ta kulle kanta. Ba ni wani dalilin."



"Za su raba ni da Larai."

Malama ta ce ai shi ya riga ya raba kansa da ita.

"Ba ke ba." Da ƙyar maganar ta fito. "'Yata. Shekararta biyar."

Jacinta ta dafe ƙirji. Ba wanda ya san ya yi aure, balle haihuwa.

Ya ce uwar yarinyar 'yar can ce, ita ma abin da ta sani ke nan, cewa shi maraya ne. Ita ta ce a sa wa jaririyar sunan kakarta da aka kashe. Duk watan Afrilu suna zuwa coci su uku, yarinyar ce take kunna kyandir a gaban hoton kakar. In gaskiya ta fito, matar za ta tafi da ita, kotu kuma ba za ta ba wa maƙaryacin da za a kora ɗiya ba.

Shekara nawa Malama tana zuwa sunan jikokin ƙawayenta, tana dawowa ta ce wa Jacinta ita dai Ubangiji bai nufa ba tukuna.

"Kyandir," ta ce. "Jikata tana kunna min kyandir."

Sai aka ji an turo ƙofa a can. Wata 'yar siririyar murya ta yi magana, da alamar tambaya. Rufus ya amsa mata da sauri, da murya mai laushi, yarinyar ta yi dariya ta fita.

Malama ta juya wurin Sista.

Sista ta girgiza kai.

"Ki faɗa."

"Ta ce, Baba, da wa kake magana kana kuka?"

"Shi kuma?"

Hawaye ya gangaro ƙarƙashin tabarau ɗin Sista.

"Ya ce wata tsohuwa ce daga Afirka, tana roƙon taimako."

Malama ta sa yatsa ta kashe kiran da kanta.

Ta tashi ta shiga ɗaki. Suka ji ƙarar ruwa a kwano. Da ta fito ta wanke fuska, ta sake ɗaura ɗankwali. Ta ja kujerarta ta haɗa da ta Alhaji har suna gogar juna.

Alhaji ya ce ta dakata. Ya ce shi tsoho ne, zai iya kwashe iyalinsa su koma Jos wurin ɗansa har ƙura ta lafa. Ya ce yarinyar can ba ta yi wa kowa komai ba, kada a mayar da ita marainiyar gaske saboda shi.

"Ka bar gari saboda ka ɓoye mu? A'a, Alhaji. Sau ɗaya ka yi asara a kanmu, ya isa." Ta dubi Jacinta. "Kunna."

Jacinta ta ɗaga wayar.

"Sunana Larai Dogara. Ni ce uwar wanda kuke kira Rui. Yau Lahadi, na je coci, na dawo, na dafa abinci. Ban mutu ba."

Ta faɗi sauran duka, ba ta tsaya ba, ba ta yi kuka ba. Sista ta maimaita da yaren Portugal. Da aka gama, Jacinta ta zaɓo guruf ɗin farko, ta ɗora yatsa a kan wurin turawa.

Sai saƙo ya faɗo daga Rufus. Babu rubutu, hoto ne kawai. Yarinya ce 'yar fara-fara mai tarin gashi, tana dariya, da wushirya a tsakiyar haƙoranta irin ta Malama sak, da goshin Dogara.

Malama ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta kai ta kusa da ido. Ta shafa fuskar da babban yatsa.

Wayar Alhaji ta sake ƙara. Yana ɗauka muryar Rabi'a ta fito, ko sallama babu, kowa yana ji.

"Baba, sun daina wucewa. Sun tsaya. Ɗaya yana riƙe da jarka."

Alhaji ya miƙe, hular ta faɗi ƙasa.

Jacinta ta kama hannun uwarta.

"Mama, in tura?"

Malama ba ta ɗauke ido daga hoton ba.